Ƙwayar Aidin, Nonon Saniya da Wuyan Yaro

 

Kafin mu shiga magana, ina roƙon kowa ya ɗora yatsu biyu a gaban wuyansa, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ya haɗiyi yawu. A daidai wurin nan, ko ka ji ta ko ba ka ji ba, akwai wata 'yar tsoka mai laushi da ta rungumi maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya baza fukafukai. Nauyinta a jikin baligi bai wuce giram 20 ba ko kusa da haka. Likitoci na kiranta tairod. Mu kuwa ba mu cika sanin da ita ba sai ranar da ta kumbura, mu ce wance ta yi maƙoƙo. Ita ce ke sarrafa sinadarin da ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da kuzari, kuma a jikin yaro ita ke riƙe da ragamar girma da bunƙasar ƙwaƙwalwa.

Abincin wannan tsoka guda ɗaya ne, wato aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri. Duk inda aidin ya shiga jiki, ta baki ko ta hanci, tairod za ta zaƙulo shi daga jini ta ajiye. Sai dai ba ta da idon da za ta bambanta na kirki da mugu. Akwai wani nau'in aidin da ake haifarwa a cikin tukunyar tashar nukiliya ko a fashewar bam ɗin nukiliya, ana kiransa aidin 131. Ba shi da wari ko ɗanɗanon da mutum zai gane shi da su, amma yana fitar da tururin nukiliya. Idan ya shiga jiki, tairod za ta karɓe shi hannu bibbiyu kamar yadda take karɓar na gishiri, ya zauna a cikinta yana ƙona ta daga ciki. Bayan shekaru, abin na iya zama sankara. Maganarmu ta yau ita ce yadda ake kare wannan tsoka, musamman idan hatsarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya ɗauki kwana da kwanaki.

Mu je Yukiren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Cikin daren 26 ga Afrilu 1986, tukunya ta 4 a tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, rufin ya yaye, wuta ta kama. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne ba a dare ɗaya aka gama ba. Kusan kwana 10 tukunyar nan ta yi tana aman hayaƙi, iska kuwa yau ta yi arewa, gobe ta juya gabas, jibi kudu. An kwashe mutanen Pripyat, garin ma'aikatan tashar, mutum kusan 50,000, a ranar 27 ga wata. Duniya ba ta ji labari ba sai ranar 28, da na'urorin wata tashar nukiliya a ƙasar Siwidin suka nuna akwai ƙura mai guba a takalman ma'aikata. Ranar 1 ga Mayu ma an fito da yara maci a titunan Kiyef don bikin ranar ma'aikata.

To, ku biyo ni wani ƙauye a yankin Gomel na ƙasar Belarus, wanda ke maƙwabtaka da tashar. Ƙarshen Afrilu a can lokaci ne da sanyi ya wuce, ciyawa ta tsiro, an saki shanu daga garke bayan watannin da suka yi a ɗaure. Kusan kowane gida da saniyarsa. Yayyafi ya sauko da ƙurar hayaƙin nan bisa ciyawa. Saniya ta wuni tana kiwo, ta share fili mai faɗi da harshenta. Da yamma uwa ko kaka ta ɗauko bokiti ta tatsa, ta tace, ta zuba a kofi da ɗuminsa, ta miƙa wa ɗan shekara uku. Nonon fari tas, ba abin da ya canza a ƙanshinsa. Gobe haka, jibi haka, har makonni. Duk aidin ɗin da ya bazu a kan wancan fili, saniya ta tattara shi a hantsarta, yaro ya tattara shi a wata tsoka da ba ta kai girman ɗan yatsansa ba. Wannan matar ba ta yi laifin komai ba. Ƙauna ce ta sa ta ba shi, kuma ba wanda ya zo ya ce mata ta dakata.

Bayan shekara 4 zuwa 5 sai likitoci a Belarus suka fara ganin abin da a da sai su shekara ba su gani ba: ƙananan yara da sankarar tairod. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururin nukiliya ya ƙidaya fiye da mutum 6,000 da suka kamu zuwa shekarar 2005 a Belarus da Yukiren da sassan Rasha, dukkansu yara ne ko matasa a lokacin hatsarin, kuma ya danganta kaso mai yawa da shan wannan nono. Alhamdu lillahi, irin wannan sankara tana jin magani, waɗanda suka rasu zuwa lokacin 15 ne. Amma dubbai an yanke musu tairod, an bar su da tabo a gindin wuya da shan ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwa.

Maƙwabciyarsu Polan ta bi wata hanya. Daga ranar 29 ga Afrilu hukuma ta fara ba yara ruwan aidin da masu haɗa magunguna suka auna, wani ruwa ja-ja mai ɗaci da ake kira Lugol. A makarantu da asibitoci aka jera yara, kowa ya buɗe baki ya haɗiye yana yamutsa fuska. Cikin 'yan kwanaki yara fiye da miliyan 10 da manya kusan miliyan 7 sun sha. A tare da haka aka hana ba yara nonon shanun da ke kiwo a fili, aka koma madarar gari. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Yaya aidin ke kare mutum daga aidin? Ku ɗauki misalin tulu. Idan tulu ya cika maƙil da ruwa mai kyau, ko an kawo gurɓatacce an tuttula, sai dai ya malale ta gefe. Ƙwayar da ake bayarwa sunanta fotasiyam ayodayid, a jikin kwalinta za a ga haruffa biyu, KI. Ƙwayar babba ɗaya tana ɗauke da aidin mai kyau da ya ninka abin da jiki ke buƙata a yini fiye da sau 600. Da ta shiga jini sai tairod ta ƙoshi, ta rufe ƙofa. Mugun aidin ya zo ya tarar ba masauki, sai ya bi fitsari ya fita.

Ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar. Wanda ya haura shekara 12, miligiram 130. Daga shekara 3 zuwa 12, miligiram 65. Daga wata 1 zuwa shekara 3, miligiram 32. Jaririn da bai cika wata ba, miligiram 16. Idan ƙwayar mai 65 ce a hannu, rabon jariri kashi ɗaya ne cikin huɗu: a raba ta biyu, a sake raba rabin biyu, a murƙushe gutsuren a cokali, a dama da ɗan nono ko ruwa mai tsabta, a ɗura masa a hankali har ya shanye. Uwa mai shayarwa ta sha nata, jariri ya sha nasa, domin abin da ke bi ta mama bai isa ya kare shi ba.

Lokaci kuwa shi ne gishirin maganar. Ƙwayar ta fi aiki idan an sha ta cikin awa 24 kafin hayaƙin ya iso, ko cikin awa 2 bayan isowarsa. Zuwa awa 8 akwai sauran amfani, amma kariyar ba ta kai rabi ba. Idan an kwana an wuni, awa 24 sun wuce, shan ta na iya zama ɓarna, domin mugun aidin ya riga ya shige, rufe ƙofa a lokacin kamar kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Haka ma wanda ya yi gaggawa ya sha tun kwana uku kafin hayaƙi ya zo, ƙarfinta ya sane kafin a buƙace shi. Shi ya sa ba a shan ta sai hukuma ta ce a sha, domin su ke da na'urar auna iska, su suka san inda hayaƙin ya dosa.

Yanzu mun iso inda gizo ke saƙa. Ƙwaya ɗaya kariyar awa 24 take bayarwa. Chernobyl ta yi kwana 10 tana hayaƙi. Tashar nukiliyar Fukushima ta Japan, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, ita ma ta yi ta fitarwa a kai a kai har tsawon makonni. To, me za a yi a rana ta biyu da ta uku da ta bakwai?

Mai saurin yanke hukunci zai ce a ci gaba da sha kullum har hayaƙi ya ɗauke. Jiki bai yarda da wannan lissafi ba. Tun 1948 wasu masana biyu a Amurka, Wolff da Chaikoff, suka gano cewa idan aidin ya yi wa tairod yawa, takan dakatar da aikinta na ɗan lokaci. A jikin baligi mai lafiya, bayan 'yan kwanaki takan farfaɗo ta ci gaba. Tairod ɗin ɗan tayi da ta jariri sabon haihuwa ba ta ƙware da wannan farfaɗowa ba. Idan aka yi ta ɗura mata aidin kullum, tana iya yin shiru, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ke tsananin buƙatar sinadarinta. Ko a Polan, inda sau ɗaya aka ba yawancin yara, an sami 'yan tsirarun jarirai da gwajin jini ya nuna aikin tairod ɗinsu ya ja baya, kafin daga bisani ya daidaita.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan batu. Wanda ya fi kowa buƙatar ƙwaya ta farko, shi ne wanda ba a so a ba ta biyu. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 ta ce sau ɗaya yakan wadatar a yawancin lokuta. Ana iya maimaitawa idan hatsarin ya wuce awa 24, ko ya sake dawowa, ko babu makawa sai an ci gurɓataccen abinci, kuma babu halin kwashe mutane. Amma ta ware jarirai 'yan ƙasa da wata 1, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da waɗanda suka haura shekara 60, ta ce kada a maimaita musu. Ma'anar wannan a aikace ita ce, awa 24 ɗin da ƙwaya ta farko ta bayar, lokaci ne na fitar da mai ciki da mai goyo da jaririnta daga yankin. Su ne farkon shiga mota. Jaririn da ya sha kuma, ko sau ɗaya ne, a kai shi a duba jininsa daga baya.

Manya fa? Hatsarin sankarar tairod daga wannan aidin yana raguwa da shekaru. Wanda ya haura 40 amfanin da zai samu kaɗan ne, illar ƙwayar kuma ta fi kusa da shi. Idan ƙwayoyi sun yi ƙaranci, maigida ya haƙura ya bar wa yara da matasa da mata masu ciki, wannan ita ce dattakun. Ma'aikatan ceto da ke shiga cikin hayaƙin su kam lissafinsu daban ne. Sannan ina jan hankalin masu maƙoƙo, musamman wanda ya daɗe ya yi ƙulu-ƙulu, da masu cutar tairod kowace iri: aidin mai yawa na iya tunzura tsokar ta yi aiki fiye da kima, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, jiki na rawa, mutum na zubewa. Irin waɗannan, da wanda ya san jikinsa ba ya shiri da aidin, su nemi shawarar likita tun ana zaman lafiya. Sauran mutane abin da sukan ji bai wuce tashin zuciya, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙuraje ko kumburin dasashi da gefen muƙamuƙi ba.

Idan hatsari ya daɗe, nauyin kariya yana komawa kan abin da ake ci da sha. Aidin 131 yana da wani hali da ke taimakonmu: duk kwana 8 rabin ƙarfinsa ke mutuwa. Bayan kwana 16 saura kashi ɗaya cikin huɗu, bayan kwana 80 bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 ba. Abin da ake nema shi ne a raba shi da bakin yaro na wata biyu zuwa uku. A ɗaure dabbobi a rumfa, a ba su harawa da dusa da aka adana a rufe tun kafin hatsarin. A dakatar da shan sabon nono, na saniya ne ko na akuya ko na tunkiya, kuma na akuya da tunkiya ma sun fi tara shi. Tafasawa ba ta kashe shi, barin nono ya kwana ya yi tsami ba ya fitar da shi. A guji ganyen da ke shimfiɗe a fili da ruwan sama da aka tara a buɗe. Hatsin da ke cikin buhu ko rumbu a rufe, da abincin gwangwani, da ruwan da ke cikin mazubi mai murfi, ba abin da ya same su. A zauna a ɗaka, a rufe ƙofa da taga. Wanda ya shigo daga waje ya tuɓe tufafinsa ya ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu.

An gwada wannan an ga amfaninsa. A watan Oktoba 1957, da wuta ta kama a tashar Windscale ta Ingila, hukuma ta karɓe nonon gonakin da ke kewaye, yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 500, aka yi ta zubarwa har makonni. A Japan a 2011 ba kowa ne ya sami ƙwaya a kan lokaci ba, amma an kwashe mutane da wuri, an hana sayar da nono da alayyafon yankin, har a Tokiyo aka ce kada a dama wa jarirai madara da ruwan famfo na ɗan lokaci. Abin da ya shiga wuyan yaran Fukushima bai kama ƙafar na yaran Gomel ba. A ganina, da an aika mutum ɗaya da lasifika kowane ƙauye a Belarus a makon farko ya ce kada a ba yara nono, da dubban wuyoyi sun tsira daga wuƙar likita.

Akwai kurakuran da tsoro ke jefa mutane ciki, kuma gara mu faɗe su tun yanzu. A watan Maris 2011 mutane a biranen ƙasar Sin sun yi wa shaguna tsinke suna sayen gishiri buhu-buhu, wai zai kare su. Aidin ɗin da ke cikin kilo guda na gishiri bai fi miligiram 30 ko 40 ba. Kafin mutum ya sami abin da ke cikin ƙwaya ɗaya sai ya ci wajen kilo 3, kuma gishirin zai kashe shi tun bai je ko'ina ba. Aidin ɗin da ake shafa wa ciwo kuwa guba ne idan aka sha, yana ƙona maƙogwaro da ciki. Kanwa ba ta da alaƙa da wannan magani ko kaɗan. Ita kanta ƙwayar KI tsoka ɗaya take karewa, daga guba ɗaya. Ba ta hana tururin nukiliya ratsa jiki daga waje, ba ta taɓa sauran gubobin da ke cikin hayaƙin, irin su siziyam da ke ɗaukar shekara 30 kafin rabinsa ya mutu. Wanda ya sha ta ya fita yawo cikin ƙura yana ganin ya sha tauri, ya cuci kansa.

Na san wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da tashar nukiliya? Gaskiya ne babu tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya ko Nijar. Wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ƙaramar tukunyar bincike ce, ƙarfinta wajen kilowat 30, ta Chernobyl ta ninka ta kusan sau 100,000, don haka kada hankalin kowa ya tashi. Ƙurar ma'adinin yuraniyam ta Arlit kuma matsalarta daban ce, wannan ƙwaya ba maganinta ba ce. Amma iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga hamada zuwa ƙasashenmu. Da ta tayar da na uku, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a watan Janairu 1961. Iyayenmu sun ɗauki abin da muhimmanci. Yau kuma 'ya'yanmu na karatu a ƙasashen da ke da irin waɗannan tashoshi, 'yan kasuwarmu na zirga-zirga Daular Larabawa inda tashar Barakah ke aiki, Masar na gina tata a Daba'a. A watan Agusta 2022 an raba wa mazauna kewayen tashar Zaporizhzhia ta Yukiren waɗannan ƙwayoyi saboda yaƙi. Duk mai ɗa ko ƙane a irin waɗannan wurare, ya gaya masa ya san inda ake karɓar ƙwayar, ya kuma jira umarnin hukumar wurin kafin ya sha.

Abin da ya rage namu na nan gida, yana cikin kicin. Yankunan da Chernobyl ta fi yi wa illa wurare ne da dama can ƙasarsu ke da ƙarancin aidin, maƙoƙo ya yi yawa. Tairod mai jin yunwa ta fi wawurar duk aidin ɗin da ya zo mata, mai kyau da mugu. Wadda ta saba ƙoshi kuwa kaɗan take ɗauka. Tun farkon shekarun 1990 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, kuma amfaninsa na yau da kullum ya fi na ranar hatsari nesa ba kusa ba: yana hana maƙoƙo, yana kare ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Don haka uwargida, idan za ki aiki yaro sayen gishiri, ki ce ya duba wanda aka rubuta yana da aidin a jikin ledar. Ki juye shi a mazubi mai murfi, ki ajiye nesa da murhu da rana da danshi, domin aidin ɗin na gudu idan an bar shi a buɗe. Maigida, in ka ga kumburi a gaban wuyan matarka ko ɗanka, kada a tsaya shafe-shafe, a je asibiti a duba.